Malam Na-Gane da Jarrabawar Auta

A duk makarantar nan babu wanda ya san zuciyar matasa kamar malamin ba da shawara. Shi da kansa ya tabbatar mana. Bitar kwana biyu ya taɓa zuwa, ya dawo da takardar shaida, ya yi mata kwafi huɗu ya manna a bango huɗu, don duk inda baƙo ya juya ya san gaban wa yake zaune. Ɗalibai suna kiransa Malam Na-Gane, domin kafin ka buɗe baki ya riga ya gane.

Ranar Litinin wata mata ta shigo ofishinsa da 'yarta Auta, mai shekara goma sha biyar. Likita ya rubuta cewa abu uku ne suka haɗu wa yarinyar: hayaniya tana rikita ta, hankalinta ba ya zama wuri ɗaya, ga fargaba mai sa numfashinta ya sarƙe. Sau biyu tana gudu daga zauren jarrabawa. In ta sake, ajin zai wuce ya bar ta.

"Malam, likitan ya ce..."

"Na gane, baiwar Allah!" Ya kife takardar, ya ɗora kofin shayinsa a kai. "Likitoci suna ƙoƙari, amma ni fannina ne. Kunya ce kawai. Kwana uku, za ki ga tana jawabi!"

Auta tana murza igiyar jakarta, idonta a kan fanka mai ƙara. Malam ya rubuta a littafinsa: ta fara samun sauƙi.

Ran Laraba ya tara makaranta kaf a zaure, ya ɗauko hayar lasifika biyu, ya rataya ƙyalle mai ɗauke da hotonsa: Ranar Kwanciyar Hankali. "Ku natsu!" ya daka tsawa, har tagogi suka amsa. "Natsuwa ita ce sirrina!" Minti arba'in yana bayanin amfanin shiru. Sannan ya kira Auta da ta hau dandamali, ya ce ɗalibai ɗari shida su tafa mata.

Suka tafa. Auta ta toshe kunnuwa, ta fita a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Malam ya dubi agogonsa cike da gamsuwa. "Kun gani? Jiya ko tashi ba ta iya yi."

A laburare aka same ta, bayan kantar littattafai. Matar da ke kula da wurin, wadda ba ta da takarda ko ɗaya a bango, ta kashe fanka, ta zauna a ƙasa nesa kaɗan da ita. Da numfashin Auta ya daidaita, matar ta tambaye ta, "'Yata, me zai sauƙaƙa miki?"

Auta ta faɗa tiryan-tiryan: ɗaki shiru, a gaya mata abin da zai faru tun kafin ya faru, a bar ta ta miƙe ta zaga in ta gaji. Shugabar makaranta ta karanta takardar likita, mai shatin kofin shayin Malam, ta amince da buƙatun Auta.

Makon jarrabawa Malam ya tafi wani taron ƙwararru a otal, inda ya yi tambaya mai tsawon minti ashirin. Auta ta rubuta takardunta tara a laburare. Ta ci duka.

Da ya dawo sai ya shirya rahoto mai shafi talatin a kan sabon salonsa. Ya kira shugaba, ya kira uwar, ya gyara wuyan riga, ya sa a ɗauki bidiyo.

"Auta, kada ki ji kunya. Faɗa wa duniya, a cikin duk abin da na yi miki, wanne ya fi taimakonki?"

Auta ba ta iya ƙarya ba. Ta yi tunani sosai, don tana son ta ba da amsa daidai.

"Tafiyar da ka yi, Malam," ta ce. "Akwai wani taron a zango mai zuwa?"