Zubi Takwas a Tandar Iya Turai

"Ina kwana, 'yar tsohuwa? Ashe kin kai yau ma."

"Lafiya lau, maigidan da ba ya cefane. Na kai, kuma sai na ga furfurarka."

Safiyar Asabar ce a Yalwan Damai, Iya Turai tana suyar wainar sunan maƙwabta. Jikanta Zulkifli, ɗan aji huɗu, ya tsuguna kusa da murhu da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. Ranar Litinin Malama Prisca za ta zaɓi masu zuwa gasar lissafi a Birnin Kudu, shi kuwa gidan bakwai na lissafin sau ya tsaya masa a wuya. Ya haddace shi tsaf, amma a waƙe, sai an ɗauko daga farko. Malama kuma, saboda rashin tausayi irin na malamai, daga tsakiya take cafko tambaya.

Da Iya ta ji damuwarsa, sai ta ce, "To, bakwai sau shida?"

Ya rufe ido, ya fara rangaji. "Bakwai sau ɗaya, bakwai. Bakwai sau biyu..."

"Kai, roƙo na sa ka? Jakin Malam Barau ke nan, hanya ɗaya ya sani. In aka sauke shi a tsakiyar kasuwa sai ya koma gida ya sake fitowa."

"Ke da alli ma ba ki taɓa riƙewa ba sai na kaɗi?"

"Da shi na kaɗa zaren da aka saƙa zanen goyon ubanka. Matso nan. Gurbi nawa ne a tandar nan?"

"Bakwai. Sun fi haƙoranki yawa."

"Sun fi makinka dai. Duk zubin da na kwashe, ka faɗa mini nawa ke cikin kwano. Ka rera waƙa, in aika gidanku a kawo mini takardar saki."

"Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

"Manema na nan har Gwaram, masu babur."

Ta zuba ƙullu, ta juya, ta kwashe, shi kuma yana faɗin adadi. Sha huɗu. Ashirin da ɗaya. A zubi na biyar leɓensa ya fara motsi, ta ɗaga masa cokali, waƙar ta koma ciki. Kowane zubi yana bin sa da ido irin na mage a wurin yankan kifi, wanda Iya ta ɗauka a matsayin son ilimi.

Bayan zubi na takwas ta aike shi ɗebo itace. Da ya dawo ya tarar tana ƙirgawa da ƙarfi.

"Hamsin da uku, hamsin da huɗu. Shi ke nan, zubi takwas cif."

"Ƙarya ne! Hamsin da shida ne. Ina biyu?"

"Ni za ka yi wa sharri? Azumin nafila nake yi."

"Azumi da maiƙo a haɓa? Wallahi an ba kura ajiyar nama. Sai na gaya wa mai jego."

"Tanda ce ta shanye su."

"Tanda mai ɗankwali ko? Bakwai sau takwas, hamsin da shida, ko gaban alƙali!"

Iya ta ajiye cokali, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ina waƙar?"

Zulkifli ya buɗe baki. Ya dubi kwano, ya dubi tanda. A hankali, kamar mai taɓa miki, ya ce, "Bakwai sau shida... arba'in da biyu."

Ta kwashe da dariya har tana share hawaye da bakin zane. Ta ɗaga faifan da ke bayanta, ga waina ɗaya a ƙarƙashi.

"Ka kama ni, maigida. Ungo, taka ce."

"Ɗaya? Biyu suka ɓata."

"Ɗayar kuɗin makaranta ce. Ci maza ka tafi gidan Inna Sa'adiyya ka aro mini tandarta. Tata gurbi tara ce."