Tsarabar Alkasim ga Kyanwar Hajiya

"Ni fa dabba ba ta ɓoye mini komai," in ji Alkasim, yana bugun ƙirji a teburin shayin Mahamat da ke unguwar Bab Makka a Jidda. "Raƙumi in na kalle shi sai in gaya maka abin da ya ci jiya. Balle kyanwa? Kyanwa ai ko ina gyangyaɗi na karanta ta."

Aboki, da ka ga Alkasim a ranar sai ka rantse likitan dabbobi ne ya sauko daga jirgi. Alhali ɗan dako ne a wani sito can unguwar masana'antu, buhun shinkafa ya cinye masa gashin tsakar ka. Dabbar da ya taɓa kiwo a duniya tunkiyar kakarsa ce a garin Tawa, ita ma a hannunsa ta ɓata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, irinsu ake saurara, masu sani na gaske ko tayin shayi ba a yi mana.

Mahamat mutumin Chadi ne, ba ya barin wasa ya wuce shi. Ya ce, "To Farfesan Jela, kakarka ta yanke saƙa. Rakia matata tana girki a gidan Hajiya Jawahir a unguwar Sharafiyya. Hajiya za ta buɗe kantin kayan kyanwa da karnuka, tana neman mai ba masu saye shawara. Zama ne cikin sanyin AC, kuma ta mayar da iƙamarka, takardar zamanka, hannunta."

Da jin AC, Alkasim ya ajiye kofi. Shekaru ke nan zafin Jidda yana gasa shi kamar tsire.

"Halas! Ka gaya mata ta daina nema."

Aka haɗa su a waya. Hajiya ta ce ya zo ranar Alhamis da la'asar, ƙawayenta za su hallara, duk masu kiwon kyanwa ne. Ya taho da irin abin da zai ba mai saye shawara a kai: kayan tsaro, abin wasa, da ɗan abin da za a ba mai kyanwa kyauta. Za a gwada a kan kyanwarta, Sukkar.

Gogan naka ya fara leƙa wani babban kanti, wai don ya ga kuskuren abokan sana'a. Ya ga abin wuya mai gaya wa waya inda kyanwa take. Ya ga sanda mai gashin tsuntsu. Ya ga takalman kare, saboda zafin kwalta.

"Kare da takalmi!" ya faɗa da ƙarfi. "Ni ɗan Adam mai iƙama nawa ya huje!"

Amma abin da ya fi kashe shi da dariya ɓeran roba ne. Ya juya shi, ya matsa shi ya yi tsuwwa, ya girgiza kai. Wato a garin nan har kyanwa ma yaudararta ake yi. Nan take ya san inda zai kayar da kowa.

Ranar Alhamis ya ci farar jallabiya, ya fesa turare har ƙuda na kauce masa, ya rungumi jaka da wani kwali ɗaure da jan zare. Rakia ta shigar da shi falo. Mata sun zauna ana shan gahawa da dabino, turaren wuta na tashi. A tsakiya, kan matashin alharini, ga Sukkar: fara fat, gashi buzu-buzu, fuska a murtuke kamar an hana ta gado.

"Ahlan, Alkasim," in ji Hajiya. "Yalla, mu gani."

Ya zura hannu a jaka ya zaro ƙararrawar tagulla, irin wadda ake rataya wa jagoran garke.

"Hajiya, wancan abin wuyan na waya, in caji ya ƙare fa? Wannan ba ruwanta da caji. Kyanwarki ko Makka ta nufa, daga nan za ki ji ta."

Ya ɗaura wa Sukkar. Kan baiwar Allah ya rinjaya ya dafe da matashi. Ta yunƙura, ƙararrawa ta ce ƙwalam, ta koma ta kwanta.

Tahani, 'yar Hajiya, haihuwar Jidda ce, Hausarta a kunne ta fi yawa. Ta ce, "Mama, haram! Wuya nata zai karye!"

"Sabo ne, 'yata," in ji Alkasim. "Rago ma da farko haka yake yi."

Hajiya ta kwance ƙararrawar da kanta, ta ajiye kusa da ita. "Kyautar mai kyanwa fa?"

Ya fito da silifa. Ƙafa ɗaya.

Wata ƙawar Hajiya ta leƙo. "Ina ɗayar?"

"Ba ta sawa ba ce, Hajiya, ta jifa ce. Duk mai kyanwa yana bukatarta kusa da tukunyar miya. Da ta miƙa wuya wajen nama, fau! Tarbiyya ke nan. Mai kare kuma a ba shi ƙafa biyu."

Rakia daga bakin ƙofa tana yi masa ido ya tattara ya gudu. Shi kuwa ya ɗauka jinjina ce, har ya ɗaga mata gira.

"Yanzu ga babban," ya ce, ya ajiye kwali a gaban Sukkar. "Na ga abin da ake sayar muku, ɓeran roba. Wannan ai cin amanar dabba ne. Ni ba na harkar jabu. Daga sitonmu na kamo shi, shinkafa zalla ya ci ya girma."

Ya warware zare.

Aboki, abin da ya fito daga kwalin nan ba ɓera ba ne, ƙanen gafiya ne. Ya tsaya ya dubi Sukkar. Sukkar, wadda tun da aka haife ta abincinta daga gwangwani yake fitowa, ta dube shi. Ɓera ya matso taki ɗaya don a gaisa.

Sukkar ta yi wata ƙara da ba a san tana da ita ba, ta nemi wuri mafi tsawo a falon. Alkasim ne kaɗai a tsaye. Ta haye jallabiya da farata, ta bi ta kafaɗa, ta dire a kan sanƙon nan, ta kafe.

"Wayyo! Sauka, 'yar albarka! Kama shi, abincinki ne!"

Mata suka haye kujeru, ana "Ya satir!" ana "Innalillahi!" Gahawa ta kife a kan kafet. Alkasim, da kyanwa a ka kamar rawani, ya rarumi silifa ya auna ɓera. Silifa ta wuce ɓera ta sami kaskon turare. Ɓera ya duba hagu, ya duba dama, ya shige ƙarƙashin doguwar kujera cikin natsuwa, kamar wanda ya biya haya.

Tahani dai tana kan teburi, waya a hannu, ba abin da ya wuce ta.

Da ƙyar aka ɓamɓare Sukkar daga kansa. Alkasim ya gyara murya, ya fara ja da baya.

"To Hajiya, maganar kanti, ko in dawo gobe?"

"Kanti?" in ji Hajiya. "Wallahi ko ƙofarsa ba za ka gani ba. Amma ka sami aiki. Kyanwata ba ta kama ɓera, kai ka ce ka san sana'ar. Ba ka fita gidan nan sai da baƙon da ka kawo." Ta miƙa wa Rakia ƙararrawa. "Rataya masa, in san ɗakin da yake. Ai ba ta bukatar caji."

Haka Farfesan Jela ya yi rarrafe daga falo zuwa kicin, ƙwalam, ƙwalam, Sukkar tana kan matashinta tana kallon yadda ake aikin. Har aka kira magariba ɓera bai ba da haɗin kai ba. Hajiya ta gaji da ƙarar tagulla, ta sa aka raka shi waje, ta kira masu feshi.

Washegari ya lallaɓa teburin Mahamat, kai duk filasta. Bai san bidiyon Tahani ya riga shi isowa ba. Ya zauna, ya daure fuska.

"Na ƙi aikin," ya ce. "AC ɗinsu ya cika sanyi. Ba ni shayi."

Mahamat ya tsiyaya madara a ɗan faranti, ya sunkuya ya ajiye a ƙasa gaban ƙafar Alkasim, ya kaɗa yatsu.

"Mus, mus, mus. Zo ka sha, ka yi aiki jiya."