Jar Wuta, Baba?

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na je rubuta jarrabawar lasisin tuƙi. Har yau in abin ya faɗo mani a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Ni fa malamar firamare ce, 'yan aji ɗaya nake koyarwa a nan Katsina tun ina da sauran ƙuruciya, kuma kowa ya san ba a yin aikin nan da ƙaramar murya. Ki jefa tambaya, yara su amsa gaba ɗaya, ki ce ba ki ji ba, su ƙara. (Ku adana wannan a gefe, zai yi rana.)

Ba don gayu na shiga neman lasisi ba. Mahaifina ne ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, sai an riƙa kai shi asibiti duk mako ana yi masa gashi da motsa jiki. Daga gidanmu na Ƙofar Guga a keke napep muke tafiya. In keken ya faɗa rami, sai Baba ya runtse ido ya damƙe hannuna da hannunsa mai lafiya. Wallahi wannan damƙar ta fi kuka ciwo a wurina. Ga kuma motar yayana, wanda aiki ya mayar Legas, ajiye ƙarƙashin bishiyar bedi a ƙofar gida, awaki na shan inuwarta. Rannan muka dawo, na ga Baba ya jiƙe sharkaf da gumi, na ce to ya isa haka.

Koyon tuƙin bai ba ni wahala ba. Mai koya mani, Malam Lawal, har cewa ya yi hannuna ya faɗa da wuri (ban da katangar maƙwabtansu da na ɗan gaisa da ita). Matsalar ita ce littafin dokokin hanya da ya miƙo mani, ya ce a ciki za a yi tambayoyi. Jama'a, ni da nake ba wasu jarrabawa, ashe na manta yadda ake zama a yi karatun shiru. In na buɗe littafin sai hamma. Alama mai kusurwa uku gargaɗi, jar da'ira hani, shuɗiyar da'ira umarni, kafin in juya shafi sun cakuɗe kamar fate.

Sai dabara ta zo mani. Dama likita ta ce a riƙa jan Baba da magana, don harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya ma sai ya yi kokawa da ita. Na ce shi ke nan, na samu ɗalibi. Kullum bayan la'asar in shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, in jingina shi da matashi, in miƙe tsaye da littafi a hannu kamar ina gaban allo.

"Jar wuta, Baba?"

"Tsa... ya."

"Ban ji ba!"

"Tsaya."

"Koriya fa?"

"Wuce."

Da farko hararata yake yi, dattijon da ya yi zamaninsa yana sayar da shadda a kasuwa yau ɗiyarsa ta mayar da shi ɗan aji ɗaya. Amma a hankali sai ya zama shi ke jiran lokacin. In na yi nawa a madafa sai in ji yana buga sandarsa a ƙasa. Haka muka haddace littafin nan kaf, ni tambaya, shi amsa. Abin da ban lura ba shi ne rabin karatun ne kawai a kaina. Ɗaya rabin yana bakin Baba.

Ranar jarrabawa na saka sabon hijabi na tafi ofishin masu ba da lasisi ina taƙama. Ɗakin cike da maza, mu mata ba mu da yawa. Akwai samari masu neman aikin direba, akwai ma'aikata, kusa da ni kuma wani Alhaji ne mai farin gemu, ya sha babbar riga yana ta share tabarau. Jami'in da ke lura da mu dogo ne, bai da alamar wasa. Ya raba takardu ya ce daga yanzu ko tari ya ji zai karɓe takardar mutum.

Na duba tambayar farko. Hoton danja ne, an haska fitilar sama, wato jar, an ce me direba zai yi. Ku ji fa! Tambayar da ko 'yan ajina za su amsa suna cin gyaɗa. Amma ɗakin ya yi tsit, kaina ya zama fayau kamar allon da aka wanke. Na san na san amsar. Na dai saba in tambaya a ba ni ita ne. Na fara motsa baki a hankali, ina ɗan jijjiga gaba da baya, ina neman Baba a cikin kaina. Ni a zatona raɗa nake yi. To, wadda ta yi shekara da shekaru tana magana da aji cike da yara, ina ta ga raɗa?

"Jar wutaaa?"

Muryar nan ta fita tar, da irin jan da muke yi a aji, har da ɗaga biro sama. Kafin in gane abin da na aikata, Alhajin da ke kusa da ni, ba tare da ya ɗago kai ba, ya amsa da ƙarfinsa, "Tsaya!" Wasu samari biyu daga baya su ma suka taya shi. Ashe duk wanda ya taɓa zama a aji, ko ya yi jikoki, in ya ji wannan muryar bakinsa ba ya shawara da shi.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Sai bakina, wanda ba ya jin magana, ya ƙarasa aikinsa.

"Ban ji baaa!"

"TSAYA!" in ji ɗakin gaba ɗaya.

Innalillahi. Sai dariya ta ɓarke, wani har da buga tebur. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Jami'in ya tako a hankali ya tsaya a kaina.

"Hajiya, malamar makaranta ce ke?"

Na gyaɗa kai, idona a ƙasa.

"Na ga alama. To ga shi kin koyar, sun kuma gane. Kawo takardar."

Alhajin nan, Allah ya saka masa da alheri, ya miƙe yana cewa, "Yallaɓai, a yi mata afuwa, laihina ne. Ita tambaya ta yi, ni mi ya kai ni amsawa?" Jami'in ya ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa, ya ce doka doka ce, in dawo wani zaman. Na fito ina tuntuɓe da hijabina, wani daga baya yana cewa, "Malama, ba a tafa mana ba!"

A hanya ba kunyar ce ta sa ni hawaye ba. Tunanin ramukan da Baba zai ƙara sha a keke ne saboda wautata. Ina isa gida na tarar da shi a zaure, an saka masa kaftanin Juma'a da hula, wai yana jiran direbarsa. Na durƙusa na kwashe labari na faɗa masa tas, ina jiran ya ɓata rai. Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Baba dariya yake yi, har da hawaye, dariyar da ba mu ji ba tun ranar da ya faɗi. Da ya sarara ya dube ni ya ce, a hankali amma ba gargada, "Ɗiyata, sabo turken wawa." Tun da ya kwanta bai taɓa haɗa magana mai tsawon wannan ba. Zagi ne dai, amma na karɓa hannu bibbiyu.

Zama na biyu, gefen hijabina na cusa a baki na cije har na gama. Jami'in nan yana ganina ya ce, "Malama, yau aji hutu ake, ko?" Na ci jarrabawar.

Ranar da na fara ɗaukar Baba a mota, murna ta cika ni, ina ta zuba masa surutu ina waiwayensa. Ban ankara ba mun iso danja, sai na ji murya daga gefena, tar, ba nauyin harshe ko kaɗan: "Tsaya!" Na taka burki, ƙiris ya rage in sumbaci bayan wata motar itace. Ya juyo ya dube ni ta ƙarƙashin hula ya ce, "Ko ba ki ji ba?"

Na ji, Baba. Tun daga ranar na gane cewa in za ka yi karatu da wani, ka tabbata amsar ma tana kanka, don ba ko'ina ake barin mutum ya shiga da ubansa ba. A mota dai an yarda, shi ya sa har yau kujerar gaba tasa ce.