Tafiyarmu Benin a Motar Katifu

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na ɗaura aniyar zagaya ƙasashen maƙwabta da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A Agege ta Legas aka haife ni, a nan nake gyaran waya, kuma har na yi gemu ban taɓa wuce Abule Egba da nisa ba sai in biki ya kai ni Kano. Amma na sayi taswira na manna a bangon shago, kullum ina bin ta da yatsa: Benin, Togo, Ghana, in dawo.

Duk wanda ya ce mini "Kwatano za ka?" sai in gyara masa zama. "Kwatano gari ne, malam. Sunan ƙasar Benin." (Allah Ya shirye ni, har wani tsoho mai sayar da goro da ya yi shekaru yana zirga-zirga can sai da na yi wa wannan gyaran.)

A lokacin ina neman auren Hafsat, kuma yayanta Nasiru bai ɗauke ni a bakin komai ba. Don in burge gidansu, sai na ce ya zo mu tafi tare, ni zan tsara komai. Mahaifiyarsu, Hajiya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Allah Ya kiyaye. Ka dai dawo mini da ɗana."

Muka yi fasfo, muka yi allurar rigakafi, na soma koyon Faransanci a waya. Guzuri kuwa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da kilishi, don na ji an ce abincin can tsada. Saura abin hawa. Ana nan sai wani direba Bayarabe, Baba Tunde, ya kawo wayarsa gyara. Cikin hira ya ce ranar Juma'a zai kai katifu Benin.

Murna ta kama ni. Na ce, "Baba, Benin fa ka ce?"

Ya ce, "Benin mana. Kullum ina hanya."

Na tambaye shi ko ana wahala a bakin iyaka. Ya yi dariya ya ce ai duk masu tare hanya sun san shi. Na yafe masa kuɗin gyara, shi kuma ya yarda ya ɗauke mu kyauta a baya.

Ranar tafiya rabin layinmu ya fito rakiya. Wannan ta ce atamfa, wancan ya ce turare, Hafsat ta ce ita dai hoto a bakin teku ya ishe ta. Motar rufaffiya ce, babu taga sai 'yar kafar shan iska a sama. Muna shiga na ba Nasiru umarni na farko a matsayina na jagora: "Yaya, kashe wayarka. Da mun tsallaka za su fara zuƙe maka kati." Ya kashe. Muka baje a kan sababbin katifu kamar sarakuna, barci ya kwashe mu.

Da na farka, Nasiru ya ce, "Anya tafiyar nan ba ta yi tsawo ba? An ce Kwatano kusa ce."

Na ce, "Yaya, a taswira ne take kusa."

Duk inda mota ta tsaya muka ji muryar masu kaki, sai in zaro fasfo in riƙe a ƙirji. Babu wanda ya buɗe mu. Na ce masa, "Ka ga amfanin sanin manya? Mun wuce iyaka ko hatimi ba a nema ba."

Can da la'asar aka buɗe ƙofa. Na diro, na shaƙi iska, na ce, "Ka ji ko? Iskarsu ma daban ce." Ƙasar wurin ja wur. Na nuna masa na ce irin ta ƙasashen Faransa ke nan. Nasiru ya ce, "To ya na ga allunan shaguna duk da Turanci?" Na ce saboda mu 'yan Najeriya ne manyan masu sayayyarsu. Ya ce, "Ga motocin ma lambar Najeriya." Na ce, "Yaya, ai fasa-ƙwauri ya yi yawa a nan."

Na ƙudurta ko nawa za a zuƙe sai na kira gidan surukai. Na kunna waya. Hajiya ta ɗauka, na ji ta sa a lasifika mata sun kewaye ta. Na ce, "Hajiya, mun sauka lafiya a ƙasar waje. Wallahi mutanen nan kamar mu, sai dai sun fi mu tsari." Aka yi ta guɗa.

Daga nan na hango wata mata mai sayar da ayaba. Na gyara hula, na ce Nasiru ya tsaya ya ga aiki. Na matsa na rusuna na ce, "Bonjour, madame." Ta dube ni. Na ɗaga murya, na zuba mata duk Faransancin da na haddace, har da wanda ake tambayar hanyar banɗaki. Sannan na zaro naira ina nuna mata da hannu ko tana karɓar kuɗin baƙi.

Ta juya ga maƙwabciyarta ta ce, "This aboki dey craze?" Wato tana tambaya ko na taɓu.

Na ce wa Nasiru, "Ka ji, har Turancinmu na kasuwa sun koya."

Sai na ga ya ɗaga kai. Wani allo yake kallo a bayana, kafaɗunsa na rawa. Na waiwaya. Ga sunan jihar Edo nan ɓaro-ɓaro, harafi kamar kan jariri. Birnin Benin muke, cikin Najeriya tsundum, mun ma fi nisa da Kwatano a kan wanda ke zaune a shagona.

Na ruga wurin Baba Tunde na ce, "Baba, ai Benin ta Faransa nake nufi!"

Ya ce, "Ah ah! Kwatano? To me ya hana ka ce Kwatano?"

Nasiru ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye. Na durƙusa ina roƙonsa ya rufa mini asiri, mu sayi atamfa a nan mu ce ta can ce. Ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ashe tun ina fama da mai ayaba ya kunna wayarsa ya ɗauke ni bidiyo, ya tura wa Hafsat. Bai faɗa ba kam, nunawa ya yi.

Washegari muka dawo a motar nan, babu katifa ko ɗaya, ƙarfe na dukan ƙashin bayanmu. Muna shiga layi mahauta suka ɗaga wuƙaƙe suka ce, "Bonjour, Alhaji!" Har liman, bayan sallar Magariba, ya riƙe hannuna ya tambaye ni ya mutanen Faransa.

Na ɗauka auren ya rushe. Sai ga Hajiya ta aiko a sa rana. Ta ce ta samu natsuwa, don wannan yaro ko ya yi niyyar gudu da 'yarta ba zai iya fita Najeriya ba.

Darasin da na koya shi ne, in ka ga tsoho ya kira wuri da wani suna, kada ka yi saurin gyara masa. Shi ya je ya dawo, kai kuwa bango kake kallo.