Farin Dankali, Baƙar Azurfa

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Alhaji Sani a Tamanrasset ba, ko da na so in manta. Lokacin ina ɗaukar bulo a wurin gini. Alhaji, ɗan Damagaram mai shagon atamfa, ya ce in ya ga hankalina a hidimar bikin zai ɗauke ni aikin shago. Kafaɗata ta gaji da siminti, sai na ɗaura niyyar nuna hankali har ya yi yawa.

Aka ba ni buhun dankalin ƙauyen Tit in fere da safe, ba za a soya ba sai la'asar. Kowa ya san dankali in an fere an ajiye, baƙi yake yi. Ni kuwa har dalilin na sani (shekara ɗaya na yi ina karatun kimiyya a Yamai, kuma ban taɓa barin kowa ya manta ba).

"Inna," na ce wa Hajiya Tamo, yayar Alhaji mai kula da girki, "cikin dankali akwai wani sinadari, anzim, mai ɗigon jan ƙarfe a tsakiyarsa. Shi ke kamo oksijin na iska ya baƙanta shi. Farar wuta kuwa tana son ƙarfe, da hayaƙinta ya kama wurin, aikin ya tsaya."

"Ɗana, mu dai ruwa muke zuba mishi."

Na yi mata murmushin tausayi. Allah ya yafe mini murmushin nan.

Na sayo farar wuta wajen masu maganin ƙazuwar raƙuma, na kai dankalin wani ɗan ɗaki, na barbaɗa ta a garwashi, na ja ƙofa. Akwai wani tire a kan taga, ban ko kalle shi ba.

Da la'asar na buɗe, na kirawo Alhaji da kaina ya zo ya gani. Dankali fari fat. Ina cikin bayani sai ƙawayen amarya suka shigo suna tari, za su ɗauki tiren. Ashe sarƙa da awarwaron azurfa ne na amarya, gadon kakarta, waɗanda maƙeri ya goge jiya. Sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Alhaji ya dubi azurfar, ya dube ni.

"Malam, a lekkol ɗin ba a hwaɗa muku azurfa ma ƙarhe ce ba?"

An faɗa mana a makarantar. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona.

Har gab da magariba ina tsugune tsakiyar mata ina dirzar awarwaro da toka, amarya na jira da kwalliyarta. Dankalin nawa warin ashana yake, akuya ma ta shinshina ta wuce. Inna Tamo ta sa aka fere wani, ta zuba masa ruwa a gabana, abin da ya fi zagi ciwo.

Ran Asabar na koma ɗaukar bulo. Yanzu in tsohuwa ta ce mini ruwa suke zubawa, bokiti nake nema.