Sulken Jarka da Bindigar Sodangi

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Kamfanin Sulken Sojan Taurari, duk garin da kake, ranka shi daɗe.

Bayan gaisuwa, wadda za ni yi a tsaye don zama ya gagare ni, ga abin da nike so. Ku fito cikin waya, da Hausa, da bakinku, ku ce sulkenku kayan wasa ne, harsashi na huda shi. Na saye da na haɗin gida, duka. Ku faɗa kafin ranar kasuwar garin Isa mai zuwa, don ranar ce za a harbi mai gidana.

Ni ban yi boko ba. Magana nike, Saude maƙwabciyata na rubutawa, na kuma ce mata ko tari na yi ta sa shi ciki. Sunan mai gidana ba ya fita bakina, bari ta rubuta muku da kanta: Hafizullahi, mai facin babur, nan gefen Kamarawa. Mutum ne lafiya lau, har ran da yag ganku cikin waya. Ga kukana, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda anka ce manya na so.

Na ɗaya. Kun nuna ƙattai cikin sulke mai walƙiya suna yawo bisa taurari, ana harbinsu da jar wuta, wutar na dukan ƙirji tana komawa. Ina tambaya cikin ladabi, ranka shi daɗe: can garinku ba a harbi na gaske ne? Don nan wajenmu, inda muke kwana da takalma kusa saboda mutanen daji, in anka ga rigar da harbi bai shiga, ba a tsayawa yi mata tafi. Tambaya ake, ina ake samu?

Na biyu. Da farko saye yas so yi, wai don shi yi wasan kwaikwayo cikin waya shi ma a san shi. Kuɗin da kunka faɗi, sai an sai da babur da gona a ƙara da ni. Sannan kunka ce motarku ba ta kawo kaya wajenmu saboda hanya. Allah shi ƙara girma, kun yi hankali. Sulken da ke yaƙi da dodannin sama yana tsoron hanyar Sabon Birni. Mu da ke bin ta da zane da goyo, ashe mu ne sojan.

Na uku, kuma nan ne cikina ke zafi. Kun ce wanda bai da hali, kuma sabon shiga ne, kada shi damu, shi haɗa nashi da abin da ke cikin gida. Gidan wa, ranka shi daɗe? Kun taɓa ganin abin da ke cikin gida ya zama na namiji? Jarkata ta ɗibar ruwa ita ce ƙirji. Ta biyun ita ce baya. Bokitin wankan ɗiyata ya zama hula, ya huda mishi idanu. Katifar soson da nike kwantar da ita ya yanka ya yi kafaɗu, yanzu bisa tabarma take, sauro na gaishe ku. Tocilata na manne ga goshi. Murfin tukunyata ta aure, wanda uwata ta ɗauko tun daga Alkalawa bisa kai, shina rufe da cibiyar mutum, an shafe shi da fenti. Tuwo na dahuwa a buɗe. Jiya na tsamo ƙadangare, ban gaya ma kowa ba, sai ku.

Na huɗu. Kun ce a gasa roba don ta lanƙwasu. Ba ku ce a gasa ta a fili ba. Shi kuma kunya yake ji kada a yi mishi dariya, sai ya rufe ɗaki, ya hura gawayi, ya yi ta gashi. Hayaƙi na fita ta taga, wari ya cika unguwa, shi na ciki shina maimaita turancin da kuke yi cikin waya ƙasa-ƙasa. To ku gaya mani, namiji ya rufe ɗaki, ga hayaƙi, ga maganar da ba a ganewa, ya fito ido jawur, mi za a ce shina yi? Faci? Gari duka ya gama shawara: maganin bindiga yake haɗawa. Ran da yaf fito gwaji bayan gari, mata masu roron wake sunka zubar da kwanduna sunka ruga, wani tsoho ya hau bishiyar da rabonshi da hawa tun yana saurayi.

Na biyar. Sodangi, shugaban 'yan sa-kai na yankinmu, ya zo da kanshi. Ya ƙwanƙwasa jarka, ya shinshina, yac ce abu ya yi, sai dai al'ada ita ce a gwada. Kowane magani sai ya tsaya gaban bindigar harba-ka-ruga kafin a yarda da shi. Wani mai hankali yac ce a fara ɗaura ma akuya. Mai akuya ya ƙi. Kun ji, ranka shi daɗe? Akuya ta samu mai tsaya mata, uban ɗiyata bai samu ba.

Kada ku ce bai faɗi gaskiya ba. Ya faɗa, sau ɗaya, yac ce roba ce. Sunka yi dariya sunka ce haka duk masu asiri ke cewa. Daga nan kuma ya daina faɗa, don yanzu Janar ake kiranshi, mai shayi ba ya karɓar kuɗinshi, mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarshi ba na tashi su ba shi benci. Ina jin tsoron shi ma ya fara yarda. Shekaranjiya na gan shi shina shafa jarkar kamar doki.

Ni na yi nawa gwajin. Da ya tafi masallaci na ɗauki muciya na ba ƙirjin ɗaya, ba da ƙarfi ba, irin na tuƙin tuwo. Ya tsage. Ya dawo ya liƙe da gam, yac ce hannun mace ne ke karya magani. Maganin da shi da kanshi ya san babu!

Saboda haka in wani sabon shiga ya tambaye ku, saye ko haɗi, ku ce saye. Ba don naku ya fi kyau ba. Don dai abin da yaz zo cikin kwali da turanci, ba wanda zai yarda da shi nan, mun sayi tocila mun gani. Da na kwali ne, da dariya kaɗai za a yi mishi, ya shigo gida da kunya da ranshi, ni kuma ina da jarka.

Ba na neman kuɗi. Bokitin ma na yafe. Yarinya ba ta fara tafiya ba, ina so ta fara ta tarar da ubanta ba huji. Ku sa sulkenku mafi tsada, ku samu mace ta ba shi muciya ɗaya gaban waya, ku turo. Sodangi na da waya, yana kallo.

Allah shi ja zamaninku, shi ƙara muku taurari, shi kare ku daga hanyarmu kamar yadda kuke kare kanku.

Taku mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,
Maijidda, matar Janar, mai ɗibar ruwa da tukunya.

Saude, ƙara wanga. Kada ku zaci ku kaɗai na gaya ma. Na gaya ma liman, yac ce zai yi addu'a. Na gaya ma matar Sodangi, tac ce in kwantar da hankalina, mijinta bai cika samun abin da yake auna ba. Yau da safe kuma na gaya ma Adda, uwar mai gidana. Ta dai tambaye ni inda yake ajiye sulken, ta ce in cire murfin tukunyata, sannan ta ari ashana.