Barnaba da Wayar Majami'a

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu na nan.

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum wai shi Barnaba. Gidansa na bayan majami'a, shi da matarsa Rahila da 'yarsu Keziya da awaki. Ba shi da mugunta, ba shi da ƙiwuya. Matsalarsa ɗaya ce: yadda aka faɗa masa magana haka yake aikata ta, ba ragi ba ƙari. Rahila ta daɗe da gajiya da yi masa faɗa. In za ta aike shi, sai ta auna maganar a ranta tukuna kafin ta buɗe baki. Aikinsa a majami'a shi ne buga tsohon wilin motar da ke rataye a bishiyar kanya, don a san lokacin sujada ya yi.

To, majami'ar ta rame. Samari sun tafi birni, waɗansu kuma suna gari amma sun daina zuwa, babu wanda ya tambaye su dalili. Manyan gunduma suka aiko wa Fasto Istifanus cewa in aka kai ranar godiyar kaka bencina suna nan wayam, za a ɗauke shi, a haɗe su da majami'ar ƙetaren rafi. Tsofaffin da suka rage kuwa ba mai ƙafar tsallake rafin. Tare da saƙon aka aiko da babbar waya, aka ce yanzu da Fesbuk da Wasaf ake tara jama'a. Idon Fasto ba ya ganin ƙananan rubutu, dattawa kuma kowa ya noƙe, sai wayar ta faɗa hannun Barnaba. Ɗan aiken ya nuna masa inda ake dannawa, ya kuwa riƙe tsaf, domin ita waya ba ta faɗin wani abu tana nufin wani. Nan suka shirya.

Wata rana Fasto ya ce masa ya ɗauki hoton sujada ya ɗora, duniya ta ga yadda suke. Barnaba ya koma can baya inda ake ganin komai, ya ɗauke su yadda suke: bencina babu kowa, kwanon da ake tara ruwan yoyo a tsakiyar ɗaki, da Dattijo Gayus, babban dattijon ikilisiya, yana barci baki buɗe. Kafin yamma hoton ya kai birni, 'ya'yan Gayus suna ta kiran ubansu suna tambaya ko lafiya. Da Fasto ya ce ai gaba ya kamata ya tsaya, inda mutane suka ɗan taru, sai Barnaba ya ce, "Baba Fasto, daga gaba ba a ganin yadda muke." Fasto ya shafa fuska. Gayus kuwa ya daina amsa gaisuwar Barnaba.

Wata rana kuma Fasto ya ce ya zuba duk wanda ya sani a guruf ɗin Wasaf na majami'a. Barnaba ya san mutane da yawa. Ya sa Malam Sabi'u mahauci, ya sa mai sayar da taki, ya sa mai yi wa shanu allura, ya sa surukansa kaf. Malam Sabi'u ya yi godiya cikin mutunci, ya ce shi masallacinsa na nan kusa da gida, amma tun da an tara jama'a, a sani ranar Asabar zai yanka sa. Daga nan guruf ya zama kasuwa. Wannan na cigiyar akuya, wancan na tambayar farashin masara. Ayar da Fasto ke bayarwa a tura kowace safiya takan nutse a tsakanin taki da nama, ba mai cewa amin sai Barnaba, shi da ya tura ta.

Wata rana aka ce za a nuna wa'azi kai tsaye. Fasto, da yake ya fara sanin hali, ya ja kunnensa sosai: ya saita wayar a kan mumbari, kada ya motsa ta ko me ya faru. Ranar kuwa maganar ta taɓa Fasto, ya sauko daga mumbari ya shiga cikin tsofaffi, ya yi wa'azin da ya fi kowane daɗi a shekarar, har Gayus bai rufe ido ba. Barnaba na tsaye kamar turke, waya na kallon katako. Abin da mutanen birni suka gani shi ne mumbari babu kowa, sai wata kaza da ta hau ta zaga ta sauka. Washegari aka bugo daga gunduma ana tambaya ko Fasto ya riga ya kwashe kayansa ne.

Kaka ta matso. Fasto ya fara ɗaure littattafansa da igiya. Wata rana ya kira Barnaba ya ɗauke shi ɗan gajeren bidiyo, yana gayyatar waɗanda suka daina zuwa, da murya irin ta wanda bai sa rai ba. Da suka gama ya ce, "Duk ɗan ikilisiyar nan da ya bar zuwa, ka tabbata ya ga wannan. Kada ka dawo mini sai kowa ya gani." Nufinsa a tura. Amma yawancinsu ba su da irin wannan waya, Barnaba kuwa ya san haka, sai ya sa ta a aljihu ya kama hanya.

Gida gida ya bi. A yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, ya riƙe waya har a gama kallo. Wanda ya ce sai ya gama sussuka, Barnaba ya ɗauki sanda ya taya shi don a gama da wuri. In caji ya ƙare, ya taka zuwa kasuwa ya sa, ya dawo inda ya tsaya. Har ya iso gidan Iya Bilhatu, a ƙarshen gari. Ita kuwa ta daɗe da makancewa. Ya kunna mata, ta ce ta ji. Ya tambaye ta ko ta gani, ta ce ina fa. Sai ya nemi wuri a zaure ya zauna.

Lahadi ta zo ba a buga ƙarfe ba. Rahila ta je gidan Fasto, ta gaishe shi, ta ce ita dai a gaya mata abin da aka ce wa Baban Keziya kalma da kalma, don ta san inda za ta nufa. Fasto ya maimaita, ya ji maganar da kunnensa, sai ya ɗauki sandarsa ya ce ta koma gida.

Bai san inda Barnaba ya tsaya ba, dole ya bi sawunsa. Kuma ba a shiga gidan mutum a yi tambaya daga tsaye. Kowane gida sai ya zauna, ya sha ruwa, ya gaida mai jiki, ya yi ta'aziyyar da ya kamata ya yi tun bara. A wani gidan ya ji cewa sun daina zuwa ne tun da aka yi musu rasuwa ba wanda ya leƙo. A wani kuma kunyar rashin tufafin kirki ce. Ya isa ƙarshen gari ƙafafunsa sun kumbura, ya tarar da Barnaba yana ɓare wa tsohuwa gyaɗa.

"Baba Fasto, saura ita kaɗai," in ji Barnaba. "Har yanzu ba ta gani ba."

Iya Bilhatu ta lalubo hannun Fasto ta riƙe. Ta ce rabonta da jin muryar nan a zauren nan tun ranar da aka binne mai gidanta. Ta daɗe ba ta saki hannun ba, sannan ta juya wajen Barnaba.

"Tashi ka tafi wajen matarka, ɗan nan. Na gani."

A Rafin Kanya kuwa, in babba ya tako har gidanka ya gaishe ka, ba ka da sukuni sai ka je ka mayar. Ranar godiyar kaka suka zo mayar da gaisuwa, mai damin dawa, mai kwaryar wake, Iya Bilhatu a bayan keken Barnaba. Majami'a ba ta cika maƙil ba, amma mutumin gunduma sai da ya nemi wurin zama. Ya ce Fasto ya kwance littattafansa, sannan ya tambaya wanne ya fi yi musu aiki, Fesbuk ko Wasaf. Fasto ya dubi ƙafafunsa, ya ce a bar shi ya huta tukuna.

Barnaba ya koma can baya ya ɗauki hoton yadda suke. Gayus na barci kamar kullum, sai dai wannan karon kawunan mutane sun rufe shi.

Ƙurunƙus kan kusu, nan na sauke ta, kowa ya ɗauki tabarmarsa.